Kafin ki zagi mai dilibari, ki ji yadda ake biyansa

  Hajiya Shugaba, da izininki. Na san an fi sabawa da ganin sanarwar taro ko ta anko ko ta ta'aziyya a nan. Yau wata magana ce daban na zo da ita, kuma tana da ɗan tsawo. Wadda take kan girki ta bari sai ta sauke, amma don Allah kar a wuce ba a karanta ba. Maganar masu dilibari ce, yaran nan da ke yawo da akwati a bayan babur suna kai mana saƙo. Kusan duk cikinmu ko dai muna aikensu, ko suna kawo mana, ko kuma mu muka haife su.

Ƙarshen watan jiya ɗan ƙanwata ya shigo gidana bayan isha'i. Na zuba masa tuwo, ya zauna yana kallon kwanon. Yaron da ko sallama bai gama ba yake tambayar me aka dafa. Na ce lafiya? Sai ya miƙo min waya ya ce, "Umma, duba alat ɗin albashina." Naira 28,000. Abin da aka yi da shi da baki lokacin da ya fara aiki 50,000 ne. Na ce ina sauran? Ya ce an yanke 14,000 saboda wata kwalbar humra ta fashe a cikin akwati ta ɓata atamfar wata kwastoma. An yanke 5,000 tarar makara ta kwana biyu, ɗaya daga ciki ma ranar sarƙar babur ce ta tsinke masa a hanya. An yanke 3,000 kuɗin rigar kamfani, rigar da ba shi ya ce a ɗinka ba. Ba wanda ya kira shi ya ji ta bakinsa, ba takarda, ba komai. Saƙo kawai ya gani a WhatsApp.

Ba zan kama sunan kamfanin ba, don ba su kaɗai ke yi ba, kuma yaron har yanzu a nan yake cin abinci. Amma ku ji abin da ya fi ba ni haushi. Washegari ya je ofis wurin manaja. Rigar jikinsa sunan kamfanin ne a rubuce. Akwatin bayan babur ɗinsa sunan kamfanin ne. Su ke gaya masa ƙarfe nawa zai zo, ina zai je, wa zai fara kai wa. Ko fitsari ya tsaya yi ya daɗe sai an kira shi an ce me ya tsayar da shi. Amma da ya kawo kuka sai manaja ya ce masa, "Kai ai ba ma'aikacinmu ba ne, ka je wurin ogan da ya kawo ka."

To, wannan ogan shi ne ɗan kwangila. Ga wadda ba ta san yadda harkar take ba, bari in warware. Kamfani shi ke da suna da ofis da lambar waya da kwastomomi. Da yawansu ba sa sayen babura da kansu, ko kuma su sayi kaɗan. Sai su ce duk mai babur biyu, uku, biyar ya kawo, da yaransa, su za su riƙa ba da aiki, a biya shi a kan kowane saƙo da aka kai. Shi kuma daga nan zai fitar da kuɗin mai, da gyara, da albashin yara, abin da ya rage shi ne ribarsa. Kun ga hawa uku ke nan: kamfani a sama, ɗan kwangila a tsakiya, yaro a ƙasa.

Na ɗauki mayafina na tafi wurin ogan nan da niyyar in wanke shi tas. Na tarar da dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda ya zuba kuɗin sallamarsa ya sayi babura huɗu. Bai yi min gardama ba. Littafin lissafinsa ya buɗe min. Ya ce, "Hajiya, ki duba da idonki." Yarjejeniyarsu da kamfani duk sati biyu za a biya shi, ranar da na je ya shiga sati na shida ba a ba shi ko sisi ba, kullum sai a ce akanta bai sa hannu ba. Saƙon da aka kai mai shi ya ƙi karɓa, ba a biyansa, alhali mai ya ƙone zuwa da dawowa. Kuɗin atamfar nan da humra ta ɓata, daga kuɗinsa aka fara cirewa, shi ma ba a tambaye shi ba, shi ne ya juya ya cire a na yaro. Ya ce sau uku suna haɗuwa su 'yan kwangilar suna roƙon a ƙara kuɗin kowane saƙo tunda mai ya tashi, amsar da ake ba su ita ce wanda bai iya ba ya kwashe baburansa, akwai masu jira a layi. Dokoki kuwa da daddare ake canza su, a tura a guruf, da safe sun fara aiki.

Na fito jikina a sanyaye. Ba wai na wanke shi ba ne. Na faɗa masa a gabansa cewa abin da aka yi masa bai ji daɗi ba, shi ya yi wa yaron da bai kai shi ƙarfi ba. Amma na gane inda gizo ke saƙar. An tsara harkar ne ta yadda duk wata asara za ta gangaro ƙasa kamar ruwan indararo. Mai ya tashi, na ƙasa. Taya ta fashe, na ƙasa. Kwastoma ta canza ra'ayi, na ƙasa. Kaya sun lalace, na ƙasa. Na sama kasonsa a kan kowane saƙo ba ya motsi. Sannan an bar na tsakiya da na ƙasa suna cin kwalar juna, kowa na ganin ɗan uwansa ne ya cuce shi, wanda ya tsara abin kuma yana ofis cikin sanyin na'ura.

Mu tuna yadda yaranmu suka faɗa wannan aikin. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a cikin birni. Wanda ya samu Adaidaita Sahu ya koma can, wanda bai samu ba ya shiga lalube. Daga baya waya ta zama kasuwa. Mu mata muka gano za ki iya zama a ɗakinki ki ɗora hoton lesi ko turaren wuta ko dubulan a sitatus, ciniki ya faɗa ba ki taka ƙofar gida ba. Kullen korona na watan Afrilun 2020 ya ƙara koya wa mutane a kawo musu abu har gida. Yau yarinya tana Darmanawa tana gasa kek, mai bikin tana Rijiyar Zaki. Uwar marayu tana Unguwa Uku tana haɗa yajin daddawa, masu saye suna Kurna da Sharaɗa da Janguza. Wata sarinta a Kantin Kwari yake, ba ta ma ganin kayan da idonta, yaro ne zai ɗauko ya kai tasha a yi webil zuwa Kaduna ko Abuja. Duk wannan kasuwar ta mata a kan tayar babur take tafiya. Ranar da yaran nan suka ajiye makulli, rabin sana'o'in da muke alfahari da su a taron tallafi sun tsaya cak.

Sai ga 29 ga Mayun 2023, aka cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Baƙin mai ya bi, taya ta bi, fulogi ya bi, bakanike ya ƙara kuɗin hannu. Ku tambayi kanku tsakani da Allah: kuɗin dilibari ya ninka sau biyar kamar yadda mai ya ninka? Bai ninka ba. To wannan giɓin wani ne yake cike shi. Ba kamfani ba ne, ba mu ba ne. Yaron nan ne yake cikewa da cikinsa, ya wuni a kan ruwan leda da biredi, yana tsallake baƙin mai har inji ya buga.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba, kuma yaran ma ba su sani ba, shi ne ƙasar nan tana da doka a kan kusan duk abin da na lissafa. Dokar ƙwadago ta Najeriya, sashe na 7, ta ce duk wanda ya ɗauki ma'aikaci dole ya ba shi takarda a rubuce kafin cikar wata uku, mai ɗauke da irin aikin, da albashi, da lokutan aiki, da yadda za a rabu. Sashe na 5 ya hana a riƙa yanke wa ma'aikaci albashi da sunan tara yadda aka ga dama. Idan har ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko da sakaci, sai an samu amincewar jami'in ƙwadago a rubuce kafin a cire masa. Kuma duk abin da za a cire a wata guda bai halatta ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin ba. Ku lissafa na ɗan ƙanwata: ɗaya cikin uku na 50,000 bai kai 17,000 ba, an cire masa 22,000. Ko ta ina aka bi, an karya doka.

Akwai kuma dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010. Ita ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun hukumar NSITF, domin idan ma'aikaci ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki a biya magani da diyya. Ina tambaya, akwai aikin da ya fi buƙatar wannan kamar na wanda ke wuni tsakanin tireloli a titin Zariya da titin Maiduguri? Mu da ke zaune kusa da Asibitin Malam mun fi kowa sanin yadda ake shigo da 'yan babur. Wani abokin aikin ɗan ƙanwata ya karye a ƙafa bara, yana kwance a gefen titi ya kira ofis, tambayar farko da aka yi masa ita ce, "Kayan fa, ba abin da ya same su?" Kuɗin ɗori abokansa ne suka yi karo-karo, mahaifiyarsa ta sayar da tunkiyarta ta cika. Kafin ya fara takawa an ba wani babur ɗin.

To me ya sa doka ba ta aiki a kansu? Saboda kalma ɗaya: a ce kai ba ma'aikaci ba ne. Da zarar an kira ka abokin hulɗa, ko yaron ɗan kwangila, ko mai cin kamasho, an fitar da kai daga inuwa. Ko dokar mafi ƙarancin albashi, wadda aka mayar naira 70,000 a watan Yulin 2024, Kano kuma ta sanar da 71,000 ga ma'aikatanta, tana da ƙofar baya: ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma hau kan masu aikin kamasho ko waɗanda ake biya a kan adadin aikin da suka yi ba. Kun ga amfanin raba yara hamsin a hannun 'yan kwangila goma? Kowane ɗan kwangila yaransa biyar, ba wanda ya kai 25. Wannan ba kuskure ba ne, dabara ce.

Kuma ba a Kano aka ƙirƙiro dabarar ba, kwafowa aka yi. A Amurka akwai katafaren kamfanin kai saƙo mai suna FedEx. Shekara da shekaru yana sa direbobi rigarsa, yana tsara musu hanya da lokaci, amma yana cewa 'yan kwangila ne masu zaman kansu, su za su sayi mota su zuba mai. Direbobin jihar Kalifoniya suka kai ƙara. A 2014 kotu ta ce ma'aikata ne, a 2015 kamfanin ya amince zai biya dala miliyan 228. Su kansu ƙananan 'yan kwangilar da ke yi wa kamfanin aiki, a 2022 da mai ya yi tsada sun yi irin kukan da dattijon nan ya yi min, wanda ya fi ɗaga murya a cikinsu kuwa aka soke kwangilarsa. A Ingila, kotun ƙoli ta yanke a watan Fabrairun 2021 cewa direbobin Uber suna da haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu, duk da kamfanin na cewa shi dillali ne kawai tsakanin direba da fasinja. A shekarar dai Sifen ta yi doka cewa masu kai abinci ta manhajar waya ma'aikata ne. Abin da alƙalan nan suka duba ba sunan da aka raɗa wa mutum a takarda ba ne. Sun duba wa ke ba da umarni, wa ke yanka farashi, wa ke iya korar wa. Ku ɗora wannan ma'aunin a kan yaranmu ku gani.

Na san wata za ta ce, Hajiya, ke ɗanki kawai kika ji. Gaskiya ne, yaran ma ba mala'iku ba ne. Akwai wanda zai karɓi kuɗin kaya a hannun kwastoma ya kashe waya kwana uku. Akwai mai buɗe kula ya ɗanɗana nama. Akwai mai ɗaukar aikin gefe da man oga, ya bar naki saƙon yana dahuwa a rana. Ni ma an taɓa kawo min alkaki ya zama gari. Su ma masu kamfanin ba duka ne azzalumai ba, akwai matasa da suka fara da babur ɗaya suna fama da haya da haraji da lasisi. Waɗanda ke bibiyar labarai za su tuna a watan Yulin 2020 hukumar gidan waya NIPOST ta fito da sabon kuɗin lasisi, naira miliyan 2 ga mai aiki a jiha guda, miliyan 1 ga mai aiki cikin gari, 250,000 ga ƙanana, har sai da ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya ce a dakata saboda ihun da jama'a suka yi. Na yarda suna da nasu nauyin. Amma maganin yaro maras amana shi ne a bincika, a tabbatar, a hukunta shi shi kaɗai. Ba a mayar da kowa ɓarawo a riƙa zabtare albashi ba shari'a ba. Kuma ku lura, wurin da ake biya daidai a kan lokaci ba a cika samun gudu da kuɗin kwastoma ba. Wanda ya fi wata bai ga albashinsa ba, ka damƙa masa dubu tamanin ta mutane a aljihu, ka sa shi a jarrabawar da kai kanka ba lallai ka ci ba.

Yanzu bari in juyo kanmu, kuma ku yi haƙuri, har da ni. Mu ma muna cikin masu gangaro da asarar nan. Za ki sayi lesi na dubu sittin ba ki nemi ragi ba, amma a kan kuɗin dilibari sai kin yi ciniki kamar za ki sayi fili. Yaro ya iso ƙofar gida ya kira, ki ce "ga ni nan fitowa," alhali yanzu kika shiga wanka. Ya yi rabin awa a rana, saƙo biyar na jiransa, can ofis ana rubuta masa makara. Kwatance kuwa sai addu'a: "bayan masallaci, gida mai baƙin get." Masallaci nawa ne a Hotoro? Baƙin get nawa ne? Wata ta yi oda maigida bai sani ba, kaya su iso ya dawo gida, sai ta kashe waya. Wata a buɗe kayan a ƙofa ta ce kalar ba ta yi mata ba, a mayar, ko kuɗin mai ba za ta bayar ba, wai ai ba ta karɓa ba. Mu masu sayarwa kuma mu rubuta "dilibari kyauta" don jan kwastoma, sannan mu je mu matse yaro a kan rabin kuɗi. Humrar nan da ta ci wa ɗan ƙanwata 14,000, da na bincika, a leda ɗaya aka ƙulla ta, murfin ma bai ɗauru ba. Mace 'yar uwarmu ce ta ɗaura. Ita ba a cire mata ko kwabo ba.

Wannan ɓangaren ba ya buƙatar majalisa. Mu masu sana'a na Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Kudu da Tarauni, idan muka haɗa baki a kan cewa kuɗin dilibari ana tura shi ne kafin babur ya tashi, kuma ko an karɓi kaya ko an dawo da su kuɗin tafiya na yaro ne, cikin wata guda zai zama al'ada. Kwastoma za ta yi mita ta saba, kamar yadda aka saba da biyan kuɗin cirewa a wurin mai POS. Kayan ruwa da masu fashewa a ɗaure su da kyau, a ɗau hoto a gaban yaron kafin ya tafi, don gobe in an samu matsala a san daga ina ne. Sannan duk kamfanin da kike ba aiki kullum, ki tambaye su kai tsaye: yaranku suna da takardar aiki? In ya faɗi a hanya wa ke biyan asibiti? Kar ki raina tambayar. Mace ɗaya za a yi mata dariya. Mata arba'in masu aike kullum in suka tambaya, manaja zai tashi tsaye, domin mu ne kasuwarsa.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne dalilin da ya sa na kawo maganar nan zauren jam'iyya, ban kai ta guruf ɗin 'yan adashe ba. Mu ne masu bi gida-gida lokacin zaɓe. Mu ne masu rangaɗa guɗa ranar rabon babura, a ɗau hoto, a ce an sama wa matasa sana'a. Bayan hoton wa ya taɓa bin sawu ya ga a wane hali babur ɗin yake aiki, a ƙarƙashin wa, da wane sharaɗi? Maganar dokar ƙwadago a tsarin mulkinmu ta gwamnatin tarayya ce, don haka wanda za mu tara da ita shi ne ɗan majalisar wakilai na Tarauni da sanatan Kano ta Tsakiya, ko daga wace jam'iyya suke: a toshe ƙofar bayan nan ta "ba ma'aikacinmu ba ne," duk wanda ya sa wa yaro rigarsa ya ɗauki nauyinsa. Ɗan majalisar jiha da shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli su ma suna da nasu: yawan sitika da rasit da ake karɓa a hanya a mayar da su guda ɗaya sananne, kuma duk kamfanin da zai amfana da wani shiri na gwamnati ya fara nuna takardun yaransa da shaidar inshora. In sun zo neman mu tara musu mata, mu ma ga abin da muke so a rubuce. Atamfa da taliya sun isa haka.

Ga iyayen yaran kuma, ku gaya musu su daina yarda da magana ta fatar baki. In an ƙi ba su takarda, su adana duk saƙon WhatsApp da aka turo musu na umarni ko na yanke kuɗi, da alat ɗin kowane wata, da hoton riga da katin shaida. Waɗannan su ne shaida. Akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Kano da ke sauraron irin wannan koke, akwai kuma reshen Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a nan garin. Ban ce kowa ya ruga kotu ba, na san talaka da kotu sai a hankali, kuma wanda ya fito shi kaɗai korarsa za a yi kafin azahar. Shi ya sa nake ganin yaran da 'yan kwangilar su daina kallon juna a matsayin abokan gaba. Takarda ɗaya, hannu talatin, da na oga da na yaro, ta fi ƙarfin a yi watsi da ita. Masu Adaidaita suna da ƙungiya, direbobin tasha suna da ƙungiya, har direbobin manhajar waya sun yi rajistar tasu ta ƙasa. Masu dilibari ne kawai kowa ke kukansa shi kaɗai a gindin bishiya.

Dattijon nan ya yi min alkawarin zai mayar wa ɗan ƙanwata kuɗin tarar makara da na riga ranar da kamfani ya biya shi. Har zuwa daren jiya ba a biya shi ba. Yaron ya fita tun ƙarfe bakwai na safiyar yau, da man da na ranta masa.

Hajiya Shugaba, ina roƙon a ba ni minti goma a zamanmu na mazaɓa mai zuwa. Duk wadda ɗanta ko ƙanenta ko mijinta ke wannan aikin, da wadda ta zuba kuɗin adashenta ta sayi babur ta bayar, ta yi min magana ta gefe kafin ranar, in san adadinmu. Ba za a karanta sunan kowa ko na wurin aikinsa a bainar jama'a ba. Masu sayar da kaya ta waya kuma ku zo da shawarar yadda za mu rubuta sharaɗin kuɗin tafiya, gajere wanda kowa za ta iya ɗorawa a sitatus ɗinta. A taimaka a tura wa zaurukan sauran mazaɓu, musamman Daurawa da Ƙauyen Alu da Unguwar Gano, ba ni da lambar shugabanninsu.

Wadda na taka a cikin maganata ta yafe ni. 

'Yar uwarku daga Babban Giji.